Jegon Fadama

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya lulluɓe ta da ciyawa, ya halicci saniya ya sa mata haƙuri, ya halicci uwa ya sa mata fargaba. Bayan haka, ni ce Tasalla ta Kwarin Dumbulwa, uwar mata huɗu da namiji ɗaya, wadda ba ta taɓa wuce kasuwar maƙwabta ba sai da ta kai shekara hamsin babu biyu. Abin da idona ya gani zan faɗa, yadda ya zo mini. In kun ji wani wuri ya karkace, karatuna ne gajere, labarin dai haka yake.

Kwarin Dumbulwa yana bayan duwatsun gishiri bakwai, inda rana take fitowa da launin manja. Mu mutanen shanu ne. Da ina yarinya ciyawar fadamarmu takan ɓoye ɗan maraƙi, a yi ta nemansa har azahar. Daga baya shanu suka yi yawa, kowa ya riƙa sakin nasa inda ya ga dama. Ruwa ya sauka yau, gobe ciyawa ta leƙo, jibi an fige ta. Da haka da haka ƙasarmu ta koma kamar tafin hannu. Maigidana Bawa ya kora rabin shanunmu kudu neman ciyawa shekara goma sha biyu da suka wuce, ya ce in ajiye masa tuwo. Har yau ban ji ko wanda ya ga takalminsa ba.

A bazarar da nake ba ku labari, Sarkin Shanu Jatau ya tara mutane ya yanke magana: ranar da ruwan shuka ya sauka, za a haɗa shanun garin gaba ɗaya, samari su kora su kudu, kuma ba tafiyar dawowa ba ce. A cikin samarin har da ɗana Cindo, wanda na haifa da yatsu shida a hannun dama, shi kaɗai ne namijina.

Na same shi yana ɗaure wa bijiminsa igiya, na ce, "Ubanka ma haka ya ɗaura."

Ya ce, "Inna, kin fi so in zauna ina kallonsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya?"

Na ce, "Na fi so in zauna ina kallonka."

Ya yi dariya ya ce, "Kallona ba ya ƙosar da saniya, Inna."

Ranar kasuwa wani bafatake mai gishiri ya ce mini can gabas akwai ƙasar da ciyawarta ba ta ƙarewa. Ni da jin haka sai na ce a raina, to iri ne suke da shi wanda ba mu da shi. Ban gaya wa kowa ba. Na ƙulla gero da 'yar kanwa a cikin tsohon zanen saƙina, wanda na yi jegon Cindo da shi, na kwance saniyata Sanƙo, na kama hanya. Sanƙo muke ce mata don tun tana 'yar maraƙa ƙahonta ya ƙi fitowa, kanta sumul kamar ƙwarya.

Kwana tara muna tafiya, ina tatsar ɗan abin da ya samu, ita kuma tana tsintar 'ya'yan gawo. A rana ta goma na hango wasu abubuwa a sararin sama suna lilo, na ce ungulaye ne sun ga mushe. Sai ɗaya ta yi kuka, Sanƙo ta amsa mata.

Shanu ne. Wallahi shanu ne a sama.

Na tsaya sororo, na riƙe baki. Kowace an ɗaura mata igiya a ƙafa an kafe a turke, iska tana kaɗa ta hagu da dama. Sun rame har rana tana ratsa haƙarƙarinsu kamar ta cikin rariya. Babu abin da ya yi saura a jikinsu mai nauyi sai ƙaho, shi ya sa duk kansu yake ƙasa, gindi sama. A ƙarƙashinsu ga wani birni mai ganuwa, ƙasar wajen kuwa ko tsinken da za a sakace haƙori babu.

Mai tsaron ƙofa ya ga ina kallon sama, ya ce, "Kin ga arziki ko? Nan Birnin Ƙahonni. Waccan inuwar ta gabas ta mutum ɗaya ce, ƙaho dubu huɗu."

Na ce, "Malam, to me suke ci?"

Ya ce, "Mu ba ma tambayar wannan. Ƙaho muke ƙirgawa. Da shi ake ba ka mata, da shi ake ba ka wurin zama a taro."

Na ce, "Nono fa?"

Ya ɗan yi tunani ya ce, "Kakata takan ba da labarinsa. Fari ne, ko?"

Nan take na tuna mu ma a gida in an zo neman aure abin da ake fara tambaya ke nan, kai nawa ne a garkensu. Hanya ta cikin birnin ta bi, sai na ja Sanƙo muka shiga. Da muka kai ƙofar gabas, sai wasu ƙarti biyu suka gitta sanda. Babbansu ya ce, "Ke ki wuce, saniya ta tsaya. Dokar garin nan, duk ƙahon da ya shigo ya shiga lissafi, ba ya fita."

Na dubi Sanƙo, ta dube ni. Ban san inda maganar ta fito ba, sai na ji na ce, "To ranka ya daɗe, ku ƙirga ta."

Ya shafa kanta ta dama, ya shafa ta hagu. Ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shafa. Suka koma gefe suna ƙus-ƙus, suka dawo. Babban ya ce, "Wannan abar ba ta cikin lissafi. Mece ce?"

Na ce, "Ni ma haka na gan ta."

Ya ɗaga sanda ya ce, "Ja abarki ku tafi, kada ta shafa wa namu." Ban waiwaya ba sai da ganuwar ta ɓace.

Bayan kwana biyu muka shiga wata ƙasa mai ciyawa ta fi rufin ɗaki tsawo. Na fara hamdala, na ce na iso. Da na kama ta sai ta ruguje a hannuna. Matacciya ce, fara fat kamar furfura, ta shekara da shekaru ta kwanta kan ta shekara da shekaru. Na tona ƙarƙashinta da ƙafa, ƙasar ta yi tauri kamar dutsen niƙa. Ina cikin wannan sai mutane suka fito daga ciyawar suka kewaye mu, suna nuna ƙafafun Sanƙo suna ja da baya kamar sun ga maciji.

Ashe Ƙasar Babu-Kofato na shigo. Kakanninsu sun ga abin da shanu suka yi wa Birnin Ƙahonni, sai suka kori duk mai kofato daga ƙasarsu, har akuya. Tun daga nan ciyawa ta tsufa a tsaye, sabuwa ta kasa fitowa, kowace shekara kuma gobara ta bi ta ta cinye musu ƙauye ɗaya ko biyu. Suka kulle mu a wata garka, suka ce alƙali ya tafi wajen kashe wuta, in ya dawo za a yanka saniyar a binne har kofaton.

A yinin farko hadari ya taso aka yi ruwa. Ni ina rakuɓe ina kuka iri biyu, na Sanƙo da na ruwan, don na san ruwan gabas gida yake nufa, bai fi ya ba ni kwana goma sha ba. Ita kuwa Sanƙo ko a jikinta. Ta ci ta tattake, ta yi kashi, ta kwanta ta tashi, ta zaga garkar nan ta mai da ita kamar wurin sussuka.

Rana ta huɗu alƙali ya zo da wuƙa, gemunsa duk ya babbake. Aka buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. Na bi idonsa da kallo. Duk inda Sanƙo ta taka, ruwa ya kwanta a sawun, kuma a cikin kowane sawu ga ɗan tsiro kore shar, kamar an bi da allura an dasa. Tsohon nan ya durƙusa, ya sa yatsa ya taɓa ɗaya. Ya ce, "Tun da aka haife ni ban ga wannan launin a ƙasa ba."

Na ce to Allah ya kuɓutar da mu. Sai ya miƙe ya ce, "Ba za a yanka ta ba. Za ta zauna nan, a zaga da ita ƙasar nan kaf, har ta mutu."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, dube ta fa. Tsohuwa ce, ƙafa huɗu gare ta. Kafin ta gama bayan gidanka wuta ta cinye sauran. Kwana biyu yamma da nan akwai shanun da yunwa ta ɗaga sama, ku kuma ga ciyawa ba baki. Ku tafi da igiya ku jawo su."

Ya ce, "Su zo su mai da mu kamar can?"

Na ce, "Wannan kam ban sani ba. Amsarsa nake nema, in na samo zan biyo in gaya muku."

Da wannan alkawarin ya sake mu.

Kwana uku bayan nan na ji Sanƙo ta ja igiya har ta kusa kayar da ni. Muka hau wani tudu, sai ga kore har iyakar gani. Harkiya, ƙyasuwa, gamba, suna kaɗawa kamar ruwa. Da na gangara, sai na iske wata sanda a kafe an ɗaura mata farin ƙyalle. Wata mata tana wucewa da ƙwarya a ka, ta ce, "Baiwar Allah, kada ki bi ta nan, maijego ce a ciki."

Na ce, "Allah ya raya. Yau kwananta nawa?"

Ta ce, "Goma sha biyu."

Na duba, ban ga hayaƙi ba, ban ga tukunyar wanka ba, ban ga kowa ba. Na ce, "Wa yake kula da ita?"

Ta ce, "Ai ba mai zuwa kusa da ita sai ta yi arba'in. Doka ce." Ta yi gaba abinta.

Jama'a, na ga shanu a sama, amma bai girgiza ni kamar wannan ba. Mace ta haihu a yar da ita a daji, ba ruwan zafi, ba kunun kanwa, ba mai riƙe mata jariri ta runtsa? Ni da na yi jego biyar na san abin da kwana goma sha biyu yake nufi. Na ce ko me dokarsu ta ce, ga gero ga kanwa a ƙullina. Na tsallake sandar nan na kutsa, ina kira, "Sannu maijego. Ina kike, 'yar nan? Kada ki ji tsoro, uwa ce." Na yi gabas na yi arewa, ba ɗaki ba bukka. Da na waiwayo, Sanƙo ta sa kai cikin harkiya tana ci kamar za ta haɗiye harshenta.

Sai na ji ihu ta ko'ina. Mata suka fito suka tsaya a bakin sandar, ba wadda ta shigo, suna yafuto ni da hannu. Da na fito sai suka buɗa wa wata 'yar tsohuwa gajeruwa, gwiwoyinta sun rine kore. Suka ce ita ce Ungozoma Marka.

Ta ce, "Ke wace ce da za ki shigar wa maijego da saniya?"

Na ce, "Iya, ni kuwa ina maijegon? Na neme ta ban gan ta ba. Ku ji tsoron Allah, ko kunu ku bari in dama mata."

Matan suka dubi juna. Wata ta fara, sai duk suka kwashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Tsohuwar ba ta yi ba. Ta nuna filin da haɓa ta ce, "Ga ta nan kin tattake mata ciki."

Ta kama hannuna ta hau da ni kan tudu. Daga can na ga ƙasar an raba ta tara, suna ce wa kowane kashi ɗaki. Takwas da farin ƙyalle. A na taran kuwa ga shanun ƙasar gaba ɗaya a garke guda, sun yi ɓul-ɓul, bayansu har sheƙi yake. Ta ce, "Kwana biyar suke yi a ɗaki. Ƙasa ta haifa musu ciyawa, su ci, su taka, su bar mata taki. Sai a fitar da su a ɗaura ƙyalle. Kafin su zago ta yi arba'in. Ni nake shiga in gwada, in ciyawa ta taɓa gwiwata a kwance ƙyalle. Shekarar da ba ta taɓa ba, kowa ya rage garkensa, mai yawa da yawa, mai kaɗan kaɗan."

Na ce, "To irin fa? Irin ciyawar na zo nema."

Ta tsugunna ta tsinko ta miƙo mini. Na juya ta, na sansana. Harkiya ce, irin ta bayan ɗakinmu. Na ce, "Wannan ai tamu ce." Ta ce, "Da ta wa kike so ta zama?"

Kunya da mamaki suka rufe ni. Can na ce, "To na gane. In na koma zan kewaye gefen gonata in hutar da shi."

Nan ne ta dube ni sosai. Ta ce, "Haihuwa nawa kika yi?"

Na ce, "Biyar."

"Wa ya faso miki itace?"

"Ƙannen maigida."

"Wa ya dafa ruwa? Wa ya yi miki daka? Wa ya zauna a bakin ƙofa ya ce wa mijinki ya koma zaure?"

Na ce, "Gwaggona, da matan unguwa."

Ta ce, "To ke kaɗai kika yi jegon?"

Ta zaga da ni ta nuna mini. Kowane ɗaki da rijiyarsa, an rufe ta da falalen dutsen da sai mutum goma suke ɗagawa, don kada wani ya saci shayarwa shi kaɗai. Mahauta ba sa sayen sā daga wanda ya tsallake ƙyalle, mata ba sa karɓar nononsa a kasuwa. In kaka ta yi, manoma da kansu suke zuwa roƙon garke ya kwana a gonakinsu, su ba da kara da harawa. In an zo neman aure kuma ba a tambayar kai nawa, ƙwarya ake miƙa wa saurayi a ce ya tatso a gani.

Na ce, "Iya, na gode, bari in kama hanya, ruwa ya kusa garinmu."

Ta ce, "Ina za ki? Bakin da ya ci na maijego, nan yake zama kwana arba'in."

Na zube a gabanta. Na gaya mata labarin Bawa, na gaya mata na Cindo da yatsunsa shida, na kama ƙafarta mai kore. Ta ce, "Na ji tausayinki. Amma ranar da na sassauta wa mutum ɗaya, washegari kowa zai zo da nasa Cindon." Na yi kuka har na gaji. Sai maganarta ta dawo mini, na ɗago na ce, "Iya, bakin da ya ci kika ce. Ni ban ci ba."

Sai na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce, "Gaskiya ne, ke tattakewa kika yi. Saniya ta zauna, ke ki tafi."

Shekara goma sha huɗu ina tatsar Sanƙo. Na rungume kan nan nata sumul na ce ta yafe mini. Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana tuƙa.

Na juya da gudu-gudu sauri-sauri, hadari yana bina a baya. A Babu-Kofato na iske ba su jira amsata ba, sun jawo shanun sama, kowa da igiyoyi a hannu kamar masu tallan balan-balan. Na cika alkawari, na zana wa alƙali ɗakuna tara a ƙasa na gaya masa komai. Sai iskar gaban hadari ta taso, na lissafa sauran tafiyata kwana goma sha biyu ce, ruwa kuwa ba zai ba ni ko uku ba. Na dubi shanun nan suna fizgar igiya. Na ce, "Malam, ara mini biyu mafi rama." Na ɗaure bakin zanen saƙina a igiyar ɗaya, ɗaya bakin a ta ɗayar, na zauna a tsakiya na ce su saki.

Kada ku tambaye ni abin da na gani a sama, idona a rufe yake. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Abin da na sani, da hantsin rana ta biyu na ji ƙaya ta kama ni, na buɗe ido na gan ni a kan gawon bakin fadamarmu, ga garin Dumbulwa kaf a ƙasa sun ɗaga kai. An riga an haɗa shanu garke guda, samari sun rataya gora, ɗigon farko yana sauka.

Cindo ya ce, "Inna?"

Da aka sauko da ni na nufi Sarkin Shanu Jatau. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya fi wuya kun riga kun yi, kun haɗa su wuri ɗaya. Tafiyar ma ku yi ta, amma ku yi ta a kewaye." Na faɗi abin da na gani. Ya saurara, don macen da ta faɗo daga sama ana saurarenta ko yaya ne. Da na zo kan jego sai ya yi dariya ya ce, "Tasalla, rana ta taɓa ki. Ƙasa ce za ta yi wankan jego?"

Na kwance zanen saƙina, na ɗaura a sanda, na kafe a bakin fadama. Na juya wajen mata na ce, "Shekara nawa tana haifa mana, wa ya taɓa ba ta kwana ɗaya? Wace ce a cikinku aka shigar mata ɗaki kwana uku da haihuwa?"

Sai uwar Jatau, tsohuwar da ake riƙewa in za ta tashi, ta kwance ɗankwalinta ta ce a kai ta. Ta ɗaura kusa da nawa. Ta ce wa ɗanta, "Kai ma sai da aka tsare mini ƙofa ka yi ƙiba. Wanda ya tsallake wannan, ya nemi mai tatsar masa." Kafin la'asar ƙyallaye sun kewaye Kwarin Dumbulwa, an raba shi ɗaki tara. Manoman kwarinmu suka ce in shanu suka tafi ina za su samu taki, suka sauko da karan da ya rage da harawar kan rufi. Jatau ya ce, "Kwana arba'in na bayar, fadama ce ɗakin ƙarshe. In wani ya tsallake kafin nan, ko ciyawa ta kasa kai gwiwa, magana ta koma ta da. Mu tafi."

Kwanakin nan ba na so in sake ganin irinsu. Ɗakunan farko babu komai a cikinsu sai ɗan tsiro. Aka yanka tsofaffin shanu, aka sayar da wasu, maza suna wucewa ta gabana ba sa gaishe ni. Ni kuwa kullum ina bakin fadama da 'yar tukunyata, ina gadi.

Rana ta talatin da uku da hantsi na hango mutum yana jan sā. Tun daga tafiyarsa na gane shi. Bijimin yana tangaɗi, ƙashin bayansa kamar zai huda fata. Fadama kuwa ta yi kore har ƙamshi take.

Cindo ya ce, "Inna, matsa. Shi kaɗai ne, ba wanda zai sani. Jiya sau biyu ya faɗi."

Na ce, "Ni zan sani."

Ya ce, "Ke da kika bar taki saniyar a wata duniya, ki bar ni in ceci nawa. Kwana bakwai ba zai kai ba."

Na dubi sān, na san gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa ba zai kai ba. Na ga kuma in ya shiga, gobe goma za su shiga, jibi a rataya gora. Na ce, "Ka san zanen nan?"

Ya ce, "Tsohon zanenki ne."

Na ce, "Da shi aka tare ƙofa ranar da na haife ka. Ubanka, da duk taurin kansa, kwana arba'in yana leƙenka daga zaure bai tsallake shi ba. In kai za ka iya, ga hanya." Na matsa gefe.

Ya tsaya. Ya kai hannun nan mai yatsu shida ya kama bakin zanen, ya daɗe yana murza shi. Sān yana ja, shi yana riƙe. Sai ya juya da sān ya tafi. Na bi su da tukunyar kununa na ɗura wa sān. Bai kai ba. Rana ta talatin da takwas aka yanka shi, Cindo ya daina cin tuwona.

Ranar arba'in da sassafe aka ce in shiga in gwada, tun da ni na ga yadda ake yi. Na shiga ina jin raɓa a ƙafa, a ƙwauri, a gwiwa, har ta wuce. Ƙarfina ya ƙare, na zauna daɓas a tsakiyar fadama. Na ji an kwance ƙyalle, na ji ƙasa tana rawa da kofato, na ji mata suna guɗa. Can sai na ji muryarsa, yana ratsa ciyawa yana kira.

"Inna. Inna, ina kike? Ban gan ki ba."

Yana kusa da ni ƙwarai, ina ganin ƙafafunsa ta tsakanin harkiya, babu gora a kafaɗarsa. Na buɗe baki zan amsa, sai na fasa. Na yi shiru na bar shi ya ƙara kira.

Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya bi ta gabas, in ya ga wata saniya mai kai kamar ƙwarya, ya ce mata ɗakinta na nan.